Keken da Ka Aiko wa Garba

Kawu Mamman,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, yaya sanyin Jos? Mu nan Tsafe lafiya lau.

Keken da ka aiko wa ƙanena Garba ya iso. Yanzu da shi yake zagayen aikinsa na gandun daji, ta hanyar tsakuwar nan ta gindin duwatsu. Jiya ya cim mini a gangaren 'Yandoto ina kora jaki, ya kaɗa ƙararrawa ya ce, "Yaya, kauce!" Na kauce ina dariya don idon mutane, amma tuwo ma kasa ci na yi.

Kawu, ni ne fa babba. Ka sa ni a addu'a, Allah ya yaye mini abin da ke raina. A gai da Inna Hajara.

Ɗanka,
Sani