Kabewar Dutse a Makera

Lahadi, 11 ga Mayu, 2025

Kaka ta kira daga ƙauye ta wayar Kawu Joseph. Baba ya miƙo mini, wai da ni take son magana. Tun da aka binne Mama a Fabrairu ban ji muryar Kaka ba.

Ba ta yi zancen rasuwa ba. Cewa ta yi, "Ƙawata Hadassah, irin kabewar da na ba uwarki ranar da za ta gidan miji, akwai saura?" Na ce akwai, a gwangwanin madara. Ta ce nata ya ƙare. Damina biyu tana shukawa a kan dutsensu can bayan Pankshin, sai ta yi fure ta zubar. Maƙwabta ma haka. Kabewarsu ce ta gado, toka-toka a baya, ja a ciki, ba a samunta a kasuwa. Ta ce a nan Makerar Kaduna, a hannun Mama kaɗai ta ci gaba da haihuwa. In shuka, in kai mata sabon iri da Kirsimeti.

Na ce to. Kullum to nake cewa.

Talata, 13 ga Mayu

Na shuka a bayan kicin, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Wurin Mama. Sai da na rufe ƙasa na tuna ya kamata in rage ko kaɗan a gwangwani. Ban tona ba.

Asabar, 24 ga Mayu

Ɗaya ce ta tsira. Sauran ko ruɓewa suka yi, ko kajin Anti Rhoda ne, mai ƙosan da ɗakinta ke kallon namu. Na kewaye ta da tsohon langa-langa. Ya yanke ni a yatsa. Na tsaya ina kallon jinin kamar na wani.

Alhamis, 5 ga Yuni

Malama ta ce in tashi in karanta. Na tashi, na tsaya, na zauna. An yi dariya. Zafi kamar ba damina ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Ta yi yaɗo har ta hau langa-langa. Yau furanni suka buɗe, rawaya, manya. Kala biyu ne. Wasu a kan siririn kara kawai, wasu da 'yar ƙwallo a gindinsu kamar ƙwan zabuwa. Kafin in gama shara rana ta taso, duk sun tsuke baki.

Ya kamata in ji daɗi.

Litinin, 30 ga Yuni

'Yan ƙwallayen sun yi rawaya, sun yi laushi, sun faɗi. Na share su tare da bawon albasa.

Alhamis, 3 ga Yuli

Na tuna wani abu. Duk lokacin furen kabewa Mama takan fita da sassafe ta durƙusa a gabanta. Bayanta kawai nake gani daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, wani lokaci gefen bakinta yana motsi. A gidanmu ba a katse mai addu'a, don haka nakan tsaya da bokitina har ta miƙe. Ban taɓa tambaya ba.

Wataƙila abin da ya rage ke nan. Gobe zan yi.

Juma'a, 4 ga Yuli

Na durƙusa. Babu abin da ya zo bakina. Na yi addu'ar Ubangiji yadda muke yi a layin makaranta. Tsakuwa ta ci mini gwiwa.

Laraba, 9 ga Yuli

Kullum ina durƙusawa. Wata 'yar ƙwallon ta sake faɗuwa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Kaka ta kira bayan coci. Ta tambayi kabewa, na ce tana nan. Ba ƙarya ba ce sosai.

Yau da surutu ta tashi. Wai da can a kan dutse sai da wuta a ɗaki ake barci, ruwan randa ya kama haƙori. Yanzu zani ɗaya ya ishe ta. Akwai wasu ƙananan furanni da ke fitowa a tsagar duwatsu bayan ruwan farko, su ke kiran ƙudan zuma, daga nan zuman su sauko gonaki. Yanzu furannin sun rikice, tun ruwa bai sauka ba suke buɗewa, zafi ya ƙone su. Zuman sun bar kogon da suka saba. "Dutsen ya zama Kaduna, ƙawata," in ji ta. "Saura Keke Napep kawai."

Ta yi dariya. Na riƙe wayar har ta mutu.

Talata, 15 ga Yuli

Ina durƙushe da safe sai na ji murya a kaina.

"Ke 'yar Christy, wace ɗariƙa ce wannan? Cocin kabewa aka buɗe ba a gayyace mu ba?"

Anti Rhoda ce, da robar ƙullun ƙosai a kwankwaso. Na so ƙasa ta buɗe. Na ce haka Mama take yi.

"Haka take yi me?"

Na ce addu'a.

Ta ajiye robar ta yi dariya har da dafa bango. Can ta kalle ni, dariyar ta tsaya. Ta goge ido da bakin zani.

Abin da na riƙe daga maganarta: "Uwarki ba addu'a take ba, aure take ɗaura musu." Wai Mama takan kama kazar Anti Rhoda ta fizge gashi ɗaya, duk damina sai sun yi faɗa a kai. "Na ce mata Christy, wata rana kazar nan tsirara za ta yi yawo a Makera saboda ke." Masu siririn kara maza ne, masu ƙwallo mata. Mama takan juya gashin a cikin namijin har ya kwaso garin nan mai rawaya, ta kai cikin macen. Aikin zuma ne, to a nan ina zuma? Ko'ina siminti, kowane ɗaki da feshin maganin sauro. Kuma sai da wuri, don zafi na tasowa suke rufewa.

Na ce amma bakinta yana motsi.

"Wannan kuma ban sani ba. Ƙila ni take zagi."

Ta bi jar kazar da gudu har ƙarƙashin tankin ruwa, ta dawo tana haki ta danƙa mini gashi. "Ungo. Gado ne. In ta haihu rabona ganye da rabin ɗa, kada ki yi mini irin ta uwarki."

Duk shekarun nan ina tsaye da bokiti a bayanta. Da na ƙara taku kaɗan, da na gani.

Laraba, 16 ga Yuli

Ga gashi, babu mace. Maza kawai suka buɗe. Ganyen gindi sun fara yin fari-fari suna bushewa. Anti Rhoda ta ce tsufa ne, kabewa ba ta fure har abada.

Juma'a, 18 ga Yuli

Babu.

Asabar, 19 ga Yuli

A can ƙarshen yaɗon, bayan langa-langa, akwai ƙwallo ɗaya da furenta a naɗe. Na kifa mata tsohon kwando saboda kaji. Ban gaya wa kowa ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Ta buɗe. Ruwan jiya ya farfasa mazan, ɗaya ne ya tsira a ƙarƙashin ganye. Gashin ya suɓuce mini ya faɗi a laka. Na goge shi a zanina, na hura har ya bushe. Na juya shi a cikin namijin, garin ya kama shi, kaɗan. Na sa a cikin macen a hankali, na juya, na sake juyawa. Ban san ko ya isa ba. Babu wanda zan tambaya.

Na makara coci. Wata daga Zumuntar Mata ta nuna mini gwiwata, duk laka.

Alhamis, 24 ga Yuli

Ba ta faɗi ba. Furen ya bushe ya sauka, ƙwallon tana nan, kore, da tauri. Sau nawa na leƙa yau, ban sani ba.

Lahadi, 27 ga Yuli

Ni na ce Baba ya kira Kawu Joseph. Ya kalle ni kafin ya danna.

Na gaya wa Kaka gaskiya, cewa duk sun zube sai ɗaya. Na gaya mata zancen gashin kaza. Na ɗauka ita ta koya wa Mama. Ashe ba ta taɓa ji ba. A kan dutse ba wanda ya taɓa taɓa fure da hannu, zuma ke yi tun kakanni. Mama a nan ta gano abinta, ita kaɗai, a bayan kicin.

"Kai! Wato 'yata ta zama ƙudan zuma a birni ba ta faɗa mini ba?"

 Na ji tana jan hanci. Sai ta ce tata gonar ma akwai sauran fure, daga irin ƙarshe da wata maƙwabciya ta sam mata, in maimaita mata sannu-sannu. Na maimaita. Wane ne namiji, wace ce mace, kada ta jira rana. Ta ce zakaran Joseph ya shiga uku.

Na ajiye wayar. Baba ya miƙo mini kofin ruwa.

Asabar, 16 ga Agusta

Ta kai kan jariri. Tokar ta fara fito mata a baya. Na sa mata fasasshen tayil a ƙasa don kada laka ta ruɓar da ita. Anti Rhoda tana zuwa duba rabinta.

Furanni sun ƙare, babu sauran aikin gashi. Na naɗe shi a leda na sa a gwangwanin madara, zai bi iri zuwa dutse. Duk da haka da safe na sami kaina a durƙushe. Dubawa kawai na je yi. Ban san lokacin da na fara ba ta labari ba, zancen Malama, da kazar da ta zama gwanar gudu, da yadda Kaka ta ce biyu sun kama a gonarta. Ban ce da wa nake magana ba.

Da na juya, Baba ne a bakin ƙofa, ya dawo daga aikin gadi a Kakuri. Hularsa a hannu, kai a sunkuye, yana jira in gama. Da na miƙe ya ce amin, ƙasa-ƙasa.

Ban gyara masa ba. Fuskata ta jiƙe, amma ai ganyen da raɓa.

Anti Rhoda ta aiko da ƙosai. Yaji ya yi yawa. Na cinye.