Murfin Da Ka Musanya a Ƙanƙara

Zuwa ga aminina, Malam Audu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan makwancinka da sanyi. Nan gida lafiya lau. Gero ya yi kyau bana, gwiwata ce dai ta ƙi.

Jiya ɗiyarka Hajara, matar ɗana, tana share mani ɗaki ta jawo gwangwanayen fim ɗin nan biyar daga ƙarƙashin gado, ta tambaye ni ko faranti ne na da. Shi ya sa na zauna rubuta maka, tunda kai ka yi ɓarnar, ni aka bari da bayani.

Ka tuna shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa ya rataya rediyo, ana ta shimfiɗa kwalta. Cikin masu aikin hanya akwai Baturen nan mai awo, ɗan wata ƙasa mai tsaunuka, wanda muke ce ma Dogo. Ƙanenshi ya yi fim da kanshi a ƙauyensu, labarin wani tsoho manomi da ɗanshi. Manyan masu silima na Funtuwa suka ƙi shi: ba waƙa, ba rawa, ba wanda ya naushi wani. Sai kai, da bakin nan naka mai saurin alkawari, ka ce mu za mu zaga da shi ƙananan gidajen silima masu katangar zana. Dogo ya ba mu bisa sharaɗi ɗaya: ranar da muka sauya mashi wani abu a ciki, zai karɓe kayanshi.

Ni ke kan majigi, kai kana tsaye da lasifika, kana fassara yaren da ba ka jin ko sannu a cikinshi.

A Ƙanƙara mun nuna shi daidai. Tsoho ya mutu a gwangwani na biyar, aka binne shi, aka kunna fitila. Mutane suka fita kamar daga zaman makoki. Mai gidan silimar ya ce in jana'iza yake son gani, ya san hanyar maƙabarta.

Nan Ƙanƙara ne ka taya ni haɗa kaya, ka rufe na huɗu da murfin na biyar. Ba mu gane ba sai a Faskari. An binne tsoho, na ɗora na ƙarshe, sai ga shi garau yana huɗa tare da ɗanshi. Wani a baya ya rafka salati. Kai kuwa gyaran murya kawai ka yi, ka ce, "Jama'a, ɗan ne ya koma gona, yana tuna mahaifinshi." Wani dattijo daga Mairuwa ya cire hula yana share ido da ita. Kwana uku muka yi a Faskari, har da masu zuwa da tabarmarsu.

Haka muka bar shi. Muna isa Sabuwa sai ga Dogo a bencin gaba. Na ce mu maida murfi yadda yake, ka ce a'a, abin da muka nuna ma mutane shi za mu nuna mashi, in zai karɓe ya karɓe. Na ɗora gwangwani.

An gama, an watse, shi bai tashi ba. Sai da ka je ka dafa shi ya gaya mana, da Hausarshi ta 'yan kwangila, cewa tsohon nan mahaifinsu ne na gaske, kuma ya rasu jim kaɗan bayan an yi fim ɗin. Ya ce ƙanenshi zai yi faɗa, amma ƙanen yana nesa. Ya bar mana gwangwanayen.

Audu, ina cikin waɗanda suka sa ka a kabari, ban manta ba. Amma nima na koyi sana'arka, na musanya murfi. Jana'izarka tana na huɗu. A na ƙarshe kana tsaye a Faskari, lasifika a hannu, kana gyaran murya.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya kyautata tamu bayanka. Ya haɗa mu inda ba a kunna fitila a ce kowa ya tashi.

Naka, mai majigi,
Alhaji Mamman, Ƙanƙara