Jiniyar da Na Ce Ba a Busa Ba

Litinin, 3 ga Maris

An fara rushe masaƙa yau da ƙarfe tara da kwata. Katafila biyu, daga ɓangaren rini suka soma. Kafin azahar an sauko da jiniya daga kan rufi, an jingine ta a tarin ƙarafan da za a sayar. Ban taɓa ganinta kusa ba. Ashe ba ta kai rabin duro ba. Shekara arba'in ita ke tayar da unguwar nan, ita ke sa a ɗora tukunya, ita ke gaya wa mata mazansu na tafe.

Ƙungiyar tsofaffin ma'aikata ta ɗora mini rubuta tarihin unguwa, shafi talatin, za a karanta a taronsu ranar Asabar, 22 ga wata. Wai ni ne ɗan jaridarsu. Na sauka a gidan marigayi Baba, wajen Yaya, har in gama.

Laraba, 5 ga Maris

Na bi layukan da ƙafa ina rubutawa. Layin 'yan rini, inda da can ake gane mutum da shuɗin farcensa. Layin masu kaɗin zare, gidaje goma sha takwas, bakwai sun zama shaguna. Sai namu, layin masaƙa, inda har gobe gaisuwa ma da ihu ake yin ta. Ranar da matata ta fara zuwa ta ɗauka faɗa ake.

Zama ya gagare ni. Teburin Baba yana rawa, na sa masa takarda a ƙafa, har yanzu yana rawa.

Babin gobara ne mafi sauƙi, tunda ni na rubuta labarin. Na fito da shi daga jaka. Lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, karo na farko a shafin gaba. Wuta ta tashi a ɗakin auduga da hantsi, hayaƙi ya kashe mutum uku a zauren saƙa. Jumlata ta uku: "Masaƙa biyu da suka tsira sun tabbatar wa wakilinmu cewa ba a busa jiniya ba." Dokar edita ke nan, baki biyu kafin a buga, kuma na kawo baki biyu. Bayan mako ɗaya kamfani ya kori mai busa jiniya. Tun daga nan unguwa take kiransa Shiru. Ni ma haka nake kiransa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je wajen Ƙoshiya, ɗaya daga cikin masaƙa biyun nan. Ɗayan ya rasu. Abokin Baba ne, an sa masa sunan ƙoshiyar saƙa mai kai-komo don ba ya zama wuri ɗaya, yanzu kam gwiwa ta zaunar da shi. Sai da na matsa daf da kunnensa.

Na ce, "Baba, ranar gobara, kun ce ba ku ji jiniya ba."

Ya ce, "Wa?"

"Jiniya!"

Ya yi dariya har da tari. "Kai ɗan nan, karatu ya yi maka yawa. Wane masaƙi ne ke jin jiniya? Inji ɗari huɗu a zaure ɗaya! Shekara biyu kunne ya tafi. Mu jar fitila muke kallo, in ta kama a tashi. Ran nan wuta ta cinye wayar, fitila ba ta kama ba."

Na ce to me ya sa bai faɗa mini haka ba a lokacin.

"Ka tambaye ni mun ji, na ce ba mu ji ba. Ƙarya na yi?"

Bai yi ba. Na rufe littafina, ya ci gaba da ba ni labarin wasan ƙwallonsu da 'yan rini. Ban rubuta ko kalma ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Na zagaya katangar masaƙa sau biyu. Jiniyar tana nan.

Asabar, 8 ga Maris

Baba sai an taɓa kafaɗarsa yake juyowa. A gidan nan na girma ina masa magana da hannu, rediyonsa a ƙure har maƙwabta suna jin labarai kyauta. Ni ɗin nan ne na tsaya gaban kurame biyu da biro ina tambayarsu abin da suka ji.

Na gaya wa Yaya tana wanke-wanke. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ai an busa. Ina shanya a nan tsakar gida, sau uku, doguwa. Na gaya maka a ranar."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na gaya maka, Malam Edita. Ka ce ni 'yar gida ce, ba a sa maganar 'yar gida a jarida. Kana sanye da rigar nan mai aljihu huɗu, kana hura hanci."

Na tuna rigar. Na tambaye ta sauran mutanen fa, ba wanda ya ji? Ta ce rabin unguwa sun ji. "Amma an buga a takarda. Wasu suka ce to wataƙila ya makara ne. Masu gawa kuma suna neman wanda za su kalla. Wa zai je ya ce musu a'a?"

Ta miƙo mini kwano in ɗauraye. Na ɗauraye.

Litinin, 10 ga Maris

Baki ɗaya ke nan, kuma 'yar gida. Ina buƙatar na biyu. Tsohon maigadin babbar ƙofa yana raye, yana wajen ɗansa a wani gari. Shi ke rubuta lokacin kowace busa a littafin ƙofa. Na aika saƙo ta hannun surukinsa. Na san abin da nake yi: ina neman abin da zai ba ni kwana biyu kafin in je can.

Laraba, 12 ga Maris

Na je wajen Shiru. Gida na ƙarshe a bayan layin 'yan rini, kusa da kwatar da ruwanta ke canza launi a da. 'Yarsa, tela ce, ta tsayar da keken ɗinki ta dube ni daga sama har ƙasa, sannan ta ɗaga labule. Yana kwance, ƙafafu sun kumbura. Agogo biyu a bango, duka daidai da nawa har minti.

"A'a, ɗan masaƙi. Labarin mutuwata ka zo ɗauka? Ka yi sauri, ban gama ba."

Na gaishe shi. Na fara bayani a tsare, yadda na shirya a hanya: fitila, waya, Ƙoshiya. Ya bar ni har na kai ƙarshe.

"Yau ka sani?"

Na ce ranar Alhamis.

"Ni tun ranar na sani. Da hannu na murɗa ta, wutar lantarki ta ɗauke. Sau uku. Fatar tafin nan ta saɓule." Ya buɗe hannun, ba abin da ya rage sai ɗan fari. "Na je ofishinku sau biyu. An ce kana wajen aiki."

Ina ciki. Na tuna sarai, ina bayan kabad ɗin fayil.

Na ce ina jiran tabbaci daga maigadi, da ya zo zan gyara. 'Yar ta yi tsaki daga bakin ƙofa. "A makaranta 'yar Shiru ake ce mini. Har a katin aurena sai da wani ya rubuta." Shi kuwa ya ce, "Bar shi. Su sai da biyu. Ni na zama na nawa?"

Ban lissafa shi ba. Ko a wancan lokacin ban tambaye shi ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Shugaban ƙungiya ya ce in tsallake gobarar. "Malam, tarihi mai daɗi muke so, jikoki za su zo. Iyalan mamatan ma za su zo." Na ce zan duba.

Na gwada rubuta gyaran yadda muka saba: layi huɗu, can ƙasan shafi na bakwai, "an samu kuskure". An samu. Kamar a hanya aka tsince shi. Jaridar ma ta mutu shekara tara ke nan, babu shafi na bakwai.

Maigadi shiru. Na rubuta kalmar, sai na tsaya ina kallonta.

Talata, 18 ga Maris

An kwashe tarin ƙarafa jiya. Jiniyar tana zauren gidanmu, Yaya tana mita ta tare hanya. Ban san dalilin da ya sa na karɓo ta ba. Abin tarihi ce, shi ke nan.

Na sake tsarin littafin. Gobara ta koma shafi na ɗaya, don ta fi dacewa a can. Jumlar farko: "An busa jiniya sau uku, ni ne na rubuta cewa ba a busa ba." Maigadi bai amsa ba har yanzu, ban kuma sake aikawa ba. Shugaba bai gani ba tukuna. Na buga shafin da manyan baƙaƙe, kwafi sittin, saboda 'yan layinmu ba za su ji abin da zan karanta ba.

Na kai wa Mai Jiniya nasa da la'asar, yana barci, na bar wa 'yar. Ɗazu ta aiko a tambaya ko zauren taron yana da matakala, wai ya ce a nemo masa keken guragu ranar Asabar. Ita ta faɗa. Daga bakinsa ban ji ba tukuna.