Rumfar Makokina

Litinin, 4 ga watan Tikimt na kalandar Habasha

Sosina ta kira. Zan sake mutuwa. Karo na goma sha huɗu ke nan, in ban manta da wani ba. Shekara talatin ina fitowa a fim a Addis Ababa, kuma duk daraktan da ke neman uban da zai cika kafin a yi minti goma da farawa, lambata yake nema. Na ce mata, 'yata, ko sau ɗaya a bar ni in ga ƙarshen labari mana. Ta yi dariya, ta haɗa mini da laƙabin girmamawa, ta ce, "Gash Zelleke, ai babu wanda ya iya mutuwa kamarka." Wai yabo ne.

Ita ce daraktar sabon fim ɗin, tana so a ɗauki makokin a gidana. An rushe tsofaffin gidajen da ta sa wa ido, nawa kuma yana nan da ginin ƙasa da kwano mai tsatsa. Na ce to. Wa zan nemi izininsa, kyanwa?

Laraba, 6

Na je wurin Ato Bogale, shugaban ƙungiyar jana'izar unguwa, aron rumfa da kujeru. Ya dube ni ta saman tabarau. "Shekara biyu ban ga ƙeyarka a makokin kowa ba, Zelleke. Yau ka zo aron rumfar naka." Na ce aiki ne ya yi yawa. Ya ce, "Aikin mutuwa?" Ya dai bayar.

Yeshi maƙwabciyata ta bi gida gida tana gaya wa mutane wasa ne, kada wani ya ji ƙahon sanar da mutuwa ya faɗi. 'Yan fim sun nemi hoton da za a riƙe a gaban akwati. Na ba su wanda nake cikin kwat, wanda na fi kyau.

Asabar, 9

Jiya na mutu a kan gadona, sau biyar, har sai da hasken ya yi wa mai kyamara daɗi. Yau ba ni da aiki. Mamaci ba ya fitowa, saboda haka na zauna a ɗaki ina leƙe ta taga.

Da asuba aka busa ƙaho. Na san na wasa ne, amma sai da na tashi zaune. Kujera tamanin, duk an zauna. Rabin matan 'yan jami'a ne da ba su san yadda ake yafa mayafin makoki ba, sun bar adon a ƙasa kamar masu zuwa biki. Yeshi ce ta bi su tana juya musu shi sama tana tsaki. An zuba duwatsu a akwatin don kafaɗun masu ɗauka su nuna nauyi. Sau shida suka kai ni bakin babban titi suka dawo, hotona a gaba, yarinyar da ta fito a 'yata tana dukan ƙirji tana kiran babana, babana. Ta iya. Da an ce a tsaya sai ta ɗauko wayarta.

Na ƙirga waɗanda za su zo in na gaske ne. Yeshi. Bogale, don dole. Na tsaya a nan.

Tunda ba mai karanta wannan littafin, bari in rubuta. Shekara tara da suka wuce muna aiki a Harar, saura kwana huɗu a gama, na ga ana raɗa, ana kawar da ido in na shigo, darakta yana zuba mini nama da hannunsa. Ba yaro ba ne ni. Na san yadda ake ɓoye wa mutum rasuwa har a sami safiyar da za a zaunar da shi. Na san mahaifiyarmu ce. Na yi kamar ban gane ba, don shi ne karo ɗaya tak da aka ba ni matsayin da zan kai ƙarshen fim da raina. Kafin in isa garinmu Debre Markos an kwashe rumfa. Yayata Tiruwork, wadda nake kira Etalem tun ina rarrafe, ta tambaye ni abu ɗaya: "Ka sani?" Na yi shiru. Tun ranar ba ta sake ce mini ko sannu ba.

Fim ɗin ma bai taɓa fitowa ba.

Lahadi, 10

Sun tafi. Ramukan turaku a tsakar gida da ɓawon ayaba. Na share.

Talata, 12

Wata lamba ta kira sau uku, ban ɗauka ba, na zaci masu neman in yi talla ne. Sai saƙo ya shigo.

"Ga wanda wayar kawuna Zelleke take hannunsa. Ni ne Abeje, ɗan yayarsa. Mun ji. Wata mai kawo man shanu kasuwar Merkato ta wuce a mota ranar Asabar, ta ga rumfa a ƙofarsa da hotonsa. Dattawa sun zaunar da mahaifiyata yau da asuba. Don Allah a gaya mana inda aka binne shi."

Na yi dariya har na yi tari. Sannan na daina.

Kalma uku za su isa. Ina nan lafiya. Na rubuta, na goge. Gobe.

Laraba, 13

Ban amsa ba. Na dafa shiro, miyar garin wake, na kasa ci.

Alhamis, 14

Wani saƙon daga Abeje. Sun kafa rumfa. Etalem ta aske kanta. Ya ce tun jiya muryarta ta dishe, tana kiran sunan da take kirana da shi muna yara, tana cewa ita ta goye ni. Hawan jininta ya tashi, ba za ta iya tafiya ba, shi zai zo ranar Asabar ya ga kabari.

Na karanta ya fi sau ashirin. Gaskiya ita ce na ji daɗi. Ta yi mini kuka. Shekara tara ina tunanin in na mutu za ta ce Allah ya jiƙansa ta ci gaba da tankaɗe, ashe akwai ni a cikinta. Na zauna da wayar a cinya kamar mai jin ɗumin garwashi, ina tsoron in na ce ina raye kukan ya tsaya, shirun ya dawo.

Tsohuwa 'yar shekara saba'in tana zaune a kan tabarma saboda ni, ni kuma ina nan ina jin daɗi. Wane irin mutum ne wannan?

Juma'a, 15

Yeshi ta kawo mini gahawa ta ga fuskata. Ba ta da kunyar tambaya. Na miƙa mata wayar.

Ta karanta, ta ajiye butar a hankali. "Tun Talata?" Na ce e. "Kai Zelleke, wancan karon ka yi shiru an binne uwarka, yanzu ka yi shiru za a binne yayarka. Shirun nan naka ya fi bakin wasu kisa." Ban san ta san zancen Harar ba. Ashe duk unguwa an sani.

Na ce bari in kira Etalem ɗin yanzu. Ta fizge wayar. "Ka haukace? Mai hawan jini ta ji muryar mamaci a kunnenta? Sai dai a bar rumfar a tsaye kawai a canza hoto." Ita ta kira Abeje. Na ji shi daga inda nake zaune, ya ce, "Yana nan kusa da ke?" Ta ce yana nan, yana shan gahawa, ƙalau kamar doki. Bai nemi a ba ni ba.

Mun san yadda ake kai labarin mutuwa tun kaka da kakanni, amma babu wanda ya san yadda ake kai na rai. Sun yanke a yi shi iri ɗaya. Limamin cocinsu da dattawa biyu za su shiga wurinta ranar Litinin da sassafe, su zaunar da ita, su fara da cewa labarin da aka kawo akwai shakka. Ni in tsaya a waje sai an kira ni.

Na ce wa Yeshi ko in bari su gama gaya mata, in je daga baya. Ta ce, "Zumunta a ƙafa take. Tashi ka nemo jakarka, zan ciyar da kyanwar."

Lahadi, 17

Mota tun safe. A gangaren kogin Abay matar da ke kusa da ni ta ce ta san fuskata. "Ba kai ne kake mutuwa ba?" Na ce ni ne.

Litinin, 18

Na tsaya bayan shinge fiye da awa guda. Rumfar an kwashe, kujerun suna jingine. Na ji muryar limami ƙasa-ƙasa, ban ji tata ba. Na shirya abin da zan faɗa tun a mota, na haddace shi kamar yadda nake haddace takarda, amma da Abeje ya leƙo ya yi mini hannu komai ya gudu.

Ta tsufa. Kai a aske, baƙaƙen kaya, ta ƙanƙance. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta dube ni tun daga takalmi har furfura.

"Na mahaifiyarmu ka makara. Naka ma sai da aka kwashe rumfa ka iso."

Na durƙusa na kama gwiwarta. Ba ta janye ba, ba ta kuma dafa kaina ba. Ta ce, "Yaushe ka ji mun ji?" Abeje ya sunkuyar da kai. Da na ce Juma'a da ba mai ƙaryata ni.

Na ce Talata, Etalem.

Ta daɗe tana kallon bango. Sannan ta ce wa matar Abeje a kawo mini abinci, wai na rame kamar gawar gaske.

Limami ya ce to yanzu sai ta cire baƙi, a gode wa Allah. Ta ce a'a. "Na fara, sai na cika arba'in. Ran da zai tafi da gaske mai yiwuwa ba na nan, kuma na san ba shi da mai yi masa."



Alhamis, 28

Har yau ba ta yi mini wata doguwar magana ba. Zauna, ci, matsa. Tana zaune a ƙasa cikin baƙinta tana gasa gahawa, ni ina gefe ina tsince mata wake. Masu zuwa ta'aziyya daga ƙauye da labari bai kai musu ba suna shigowa da kuka, su gan ni, su rasa inda za su sa kukan. Jiya ta yi dariya, kaɗan, ta rufe baki da mayafi.

Sosina ta kira. Sautin numfashina na ƙarshe bai fito da kyau ba, tana so in zo Asabar in sake, kuma akwai wani darakta da ke nemana, wai wannan karon har ƙarshen fim. Na ce mata bayana ba zai iya zaman mota ba yanzu, ta sa wani ya ja mata numfashin, duk ɗaya ne.

Bayana lafiya lau. Saura kwana ashirin da huɗu ta cika, kuma bai kamata a bar mai makoki ita kaɗai ba.