Ɓawon Ƙwai a Gindin Rumbuna

Gwaggo Tani, ki taimake ni, zato yana nema ya ci mini ibada. Ki yi haƙuri da ajamina, ban yi boko ba.

Jikana Jibo aka kawo mini yaye daga Kurfi, ɗan fari ne wurin ɗana Dalhatu da matarsa Sakinatu. Angon nan nawa ya zo da kumatunsa, amma kafin damina ta kankama ya tsotse. Na ba shi man shanu a kunu, na ba shi man kifin da aka ba mu a asibiti, duk a banza, man ya fito a bayan gidansa yana ƙyalli kamar yadda ya shiga.

To sai uwarsa ta tsiri zuwa Dutsin-Ma, wai gaishe ni. Ba ta ko kallonsa a gabana, yarinya mai kunya, wannan ba zan hana mata ba. Amma da na ta da salla sai ta ja shi bayan ɗaki. Ran nan ina shara na ga an tone ƙasa a gindin rumbu. Na tona, sai ga ɓawon ƙwan zabi an binne, ba ɗaya ba. Gwaggo, kin san abin da ake binne ƙwai dominsa a gidan mutane. Kuma yaron da ba ya yarda da kowa sai ni, yanzu da ya ji muryarta sai ya zame daga cinyata. Gaskiya ya ɗan murmure, bakinsa kuma yana ƙarni. Ni dai ban taɓa ba yaro ƙwai ba, iyayenmu sun ce sata yake koya masa. Astagfirullahi, ban ga kome da idona ba. In faɗa wa Dalhatu? Yana da zuciya, in ya ji kalmar asiri auren nan ba zai kai kaka ba.

Kakar Jibo, Dutsin-Ma

Kakar Jibo, kada ki kai wa Dalhatu maganar nan. Mai asiri ƙwai ɗungum take binnewa, ke kuwa ɓawo kika tono. Ina abin cikin ya tafi? Ƙarnin bakin angonki ya ba ki amsa.

Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya. Ta ce gwaiduwa tana da wani sinadari mai sa mai ya gauraya da ruwa, hanji kuwa sai mai ya gaurayu yake iya tsotse shi, tare da bitamin da ke cikinsa. Ki gwada da hannunki: ki zuba man gyaɗa a ruwa, zai taso sama. Ki kaɗa shi da gwaiduwa tukuna, ki ga bambanci. Batun sata kuma, ki tambayi malaminki ko ya taɓa ganinsa a littafi.

Sakinatu ta yi kuskure da ta yi ɓoyo a gidan surukarta. Amma ki duba mata: ɗan fari ne, ba ta iya ciyar da shi a idonki, ga kuma dokarki a kan ƙwai. Yaro kuwa mai ba shi daɗi yake bi.

Ki mai da Jibo asibiti ki gaya musu yadda bayan gidansa yake, don ƙwai abinci ne, ba ya maye gurbin dubawa. Ranar da Sakinatu ta sake zuwa, ki dafa ƙwai biyu, ki ajiye a faifai kusa da ita, ki ta da sallarki, ki tsawaita addu'a. Allah ya raya Jibo, ya sanyaya miki zuciya.

Gwaggo Tani