Alewa Ba Abinci Ba Ce

Litinin, 4 ga Maris

Hanci ya yi aiki! Sunan da na raɗa wa na'urata ke nan. Mutum ya hura mata numfashi, ta shinshino sinadarin amoniya, in ƙodarsa ta fara gazawa ta yi ƙara. Juma'ar makon gobe kwamitin jami'a zai yanke ko za a gwada ta a asibiti. In sun ƙi, shekarun da na yi a kanta sun tafi a banza.

An haɗa ni da likitan ƙoda, Eelis. Dogo, ga surutu. Wai "Injiniya Outi, wannan butar shayin ce za ta ƙwace mana aiki?" Buta!

Laraba, 6 ga Maris

Na gwada lafiyayyu, bayan na hana kowa cin abinci da safe. Hanci ya yi shiru a kan abokiyar aikina Farfesa Raili, shiru a kaina. Eelis ya hura, Hanci ya kwarma ihu har aka leƙo daga ofishin kusa. Ya yi dariya, amma na ga ya shafa ƙugunsa.

Alhamis, 7 ga Maris

Hanci ya sake ihu a kan Eelis. Ko dai mutumin ba shi da lafiya, ko na'urata maƙaryaciya ce. Ban san wanne zan yi fata ba.

Litinin, 11 ga Maris

Gwajin jininsa ya fito, ƙoda garau. Na ji daɗi, wallahi na ji, har na yi mamakin kaina. Sai daga baya na tuna ma'anar hakan. Na kwance Hanci gunduwa-gunduwa, ban ga laifin komai ba. Na koma gida a keke cikin ƙanƙara ina zagin wayoyi.

Laraba, 13 ga Maris

Kai, yau na kusa kashe likita!

Zai hura ke nan na hango harshensa baƙi ƙirin. Na ce me ka ci? Ya ce ba komai. Na ce zazzage aljihunka. Sai ga kwalin salmiyaki, baƙar alewar nan mai gishiri da duk garinmu Oulu ke tsotsa, ni kaɗai na tsane ta tun ina yarinya. Gishirinta ai ɗan'uwan amoniya ne! Tun da ya bar taba take bakinsa.

"Ba na ce kada a ci komai ba?"

"Abinci kika ce. Alewa abinci ce?"

Raili ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ma da haka za ta amsa. Ya kuskure baki, muka jira, ya hura. Tsit.

Juma'a, 15 ga Maris

Sun amince! Eelis da kansa ya tsaya gaban kwamiti, ya hura babu alewa, ya tsotsa ya sake hurawa. Ya ce butar da ta kama shi za ta kama kowa. Yanzu dokar farko ga marasa lafiya: ban da salmiyaki.

Litinin, 18 ga Maris

Gwajin safe na saba yi a kaina. Yau na hura, Hanci ya yi ihu. Eelis ya ɗago kai, ya dubi kwalinsa da ya bari a teburina, ya dube ni.

Na ce na'urar ce take son gyara.

Ɗaya kawai na sha. Ba ta kai yadda nake tunawa muni ba.