Sabis ɗin da ke ƙetaro katangar maƙwabcina

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Ni tsohuwa ce a Kaura Namoda, ban iya rubutu ba, wata da muke zuwa Islamiyya tare ce ke rubuta abin da nake faɗa. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni kafin ku zarge ni.

Daga Kurya Madaro muka yi gudun hijira ni da mijina Malam, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Ɗana ɗaya ne, yana Agadas da iyalinsa. Maƙwabcina, wanda zan kira Alhaji, yana da wata 'yar na'ura ta waifai a ɗakinsa saboda harkar shagonsa. Ina cikin takaba matarsa ta shigo ta tarar ina kuka, ta karɓi wayar da ɗana ya aiko mini, ta zaga tsakar gida tana ɗaga ta sama, har ta tsaya gindin zogale, jikin katanga, kusa da turken akuya. Ta ce nan kaɗai sabis ɗinsu ke kawowa. Ta sa lambar sirrin, sai ga fuskar ɗana a tafin hannuna, ga jikanyata da aka sa wa sunana tana miƙo hannu.

Takaba ta ƙare, wayar ba ta manta lambar ba, ni ma ban ce ta manta ba. Na mayar da tabarmata wurin. Nan nake lazimi, nan nake cin tuwo, in na matsa zuwa bakin murhu sai sabis ya ɗauke, in dawo da sauri kada a kira ba na nan. Wani lokaci a yi mako ba su kira ba, ina zaune ina kallon akuya. Na riƙa ce wa kaina, abin da ya ƙetaro katanga da kansa ya shigo gidana, sata ce? In reshen mangwaron maƙwabci ya zubo maka 'ya'ya, ai ba ka haura ba. To me ya sa nake tura wayar ƙarƙashin zane in na ji tarin Alhaji? A jihar da muka ga an kafa Shari'a da idonmu, da furfurata?

Ashe na'urar tana nuna duk wayar da ta hau kanta. Alhaji ya duba ya ga baƙuwar waya, kullum tana nan, safe da yamma. Kun san halin da muke ciki. Ta katanga na ji yana cewa wanda ya san lambarka ya san shigarka da fitarka, wannan aikin infoman 'yan bindiga ne. Zarginsa ya faɗa kan yayan matarsa, mai kabu-kabu zuwa Kasuwar Daji, da ke cin abincin rana a gidan. Ya ce in bai gane mai wayar ba, wurin 'yan sa-kai zai kai sunansa. Wa aka taɓa kai musu da wannan suna ya dawo daidai?

Jiya matar ta shigo, ta durƙusa a kan tabarmar nan. Ashe ya taɓa rantsar da ita da Alƙur'ani kada ta ba kowa lambar.

Ta ce, "Inna, in kin faɗa, aurena. In kin yi shuru, Yayana."

Na ce, "Ɗiyata, to in na kashe wayar fa?"

Ta ce in ta ɓace yanzu, cewa zai yi an tsegunta wa mai ita, zargin ya ƙara ƙarfi.

Yarinyar nan tausayina kawai ta ji. Tun da ta fita ban ci komai ba. Wayar na kan tabarma a kunne, ɗazu ta yi ƙara, na ga hoton jikanyata, na kasa ɗauka.

Jama'a, me zan yi?